Baba Sai-Ya-Bushe Ya Ajiye Cokalin Gini

Kafin leburori su iso ya riga ya zagaye ginin. Ya shayar da bulo ruwa, ya murza yashi a tafin hannu ya ji ko da ƙasa a ciki, sannan ya zauna kan buhun siminti yana jiran mai gida. Haka muka taso muka gan shi. Sunansa na yanka ma ya ɓace, domin duk wanda ya ce a yi sauri, amsar ɗaya ce: "Sai ya bushe."

Wata tela a layinmu har gobe tana ba da labarinsa. Gininta ya kai linta, sai ƙaninta ya zuga ta a ɗora bene.

"Baba, ai bulo ne kawai za a ƙara," in ji ta.

Ya daɗe yana kallon tushen ginin da ya haƙa da hannunsa. Ya san aikin zai iya kuɓuce masa, ga iyali a gida. Ya ce, "'Yata, wannan tushen na hawa ɗaya ne. Ki kira injiniya ya duba. In kuwa yau kike so, nemi wani. Ni ba zan ɗora wa 'ya'yanki abin da zai danne su ba."

Ta yi fushi, ta daina gaishe shi. Daga baya ta kira injiniyan, aka ƙara ginshiƙai, aikin ya ci wata damina. Yau jikokinta ne ke tsalle a saman benen nan.

Kai ne, Baba, mai korar rodi mai tsatsa tun daga kan mota. Kai ne ke ce wa masu gida su zo su tsaya a kan aikinsu, su yi tambaya, kada su sauya tsari bayan an zuba kankare. Yanzu gwiwa ta ƙi, ka koma inuwar ƙofar gida, mu kuwa muna kewar ƙarar cokalinka a kan bulo.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mai shirin gini kuma, in maginin da ka ɗauka ya ce maka a'a, kada ka sallame shi. Ja masa kujera, ka ji dalili.