Garin da Ruwa Ya Ci

Ko a tsakiyar darasi na tuna da ranar nan sai na kife fuska a kan tebur don kada a ga ina dariya, kuma ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Lokacin ina firamare, muna zaune a unguwar Nasim a Riyad, Kaka ta zo mana hutu daga gida. Ni kuwa yarinya ce mai kunya, ko sallama aka yi sai na laɓe bayan labule.

Ƙofarmu na kallon ta wata Ba'indiya mai tsohon ciki. Kaka ba ta jin Larabci, ita ma matar tsinta-tsinta take yi, amma kullum suna tare, hira da hannu da ka. Ni ake ajiyewa a tsakiya in yi tafinta.

Wata safiya muka same ta idanu jawur. Mahaifiyarta ce za ta taso daga ƙauyensu ta zauna da ita har ta haihu, ga shi ba ta iso ba. Matar ta ce, "Moya kasir. Gari mafi. Gari halas!"

Kaka ta zungure ni. "Ke, me ta ce?"

Na ce, "Wai ruwa ya yi yawa, babu gari, gari ya ƙare."

Kaka ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Har Hausa ta yi don tashin hankali. Tambaye ta mutum nawa ne a garin."

Matar ta ce ba su da yawa, kuma duk dangi ne, kowa ɗan'uwan kowa. Kaka ta fashe da kuka, ta ja ni muka koma gida. A ganinta matar ba ta ma gane cewa uwarta na cikin waɗanda ruwa ya ci ba. Kafin la'asar ta tara matan abokan aikin Baba da wasu 'yan Maraɗi, an dama kunu, an sa manyan mayafai, za a je ta'aziyya.

Ni dai wani abu ya tsaya mini a rai. Wadda garinsu ya nutse ba za ta tsaya turara labule ba, ga shi na jiyo ƙamshi. Muna shiga kuma na ga ɗanta a ƙasa yana tura motar roba yana cewa, "Gari, gari, pim-pim!" Nan take na gane. Ga mace mai ciki tana kallon baƙi cike da falonta, fuskarta ta fara canzawa, ga Kaka ta kama hannunta ta buɗe baki za ta ce Allah ya jiƙan mamaci. In matar ta ji haka, cewa za ta yi mun riga ta samun labarin mutuwar mahaifiyarta.

Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Kaka, mota ce! Gari mota ce!"

Na ɗaga motar yaron, matar ta gyaɗa kai ta ce, "Aiwa, gari." Ashe a yarensu haka ake kiran mota. Ƙauyen nasu bas ɗaya ke shigarsa, tashar jirgin ƙasa kuma da nisa. Damina ta cinye hanya, bas ta daina zuwa, tsohuwa tana can lafiya lau da jakarta a ɗaure.

Wata 'yar Maraɗi ta ce, "To Hajiya, yanzu wa za mu yi wa gaisuwar? Direba?"

Kaka ta share hawaye ta ce, "A sha kunun dai, ai ita ma motar baiwar Allah ce."

Daga baya tsohuwar ta iso kafin haihuwa. A keken shanu aka fito da ita har bakin titi. Kaka ta rungume ta kamar wadda ta dawo daga lahira.

Tun ranar, in kalma ta yi kama da tamu a bakin baƙo, sai na tambaya kafin in fassara. Kunya kuwa har yau ina da ita, amma na san lokacin ajiye ta.