Sandunan Yaya Bala a bayan Kuru

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bala. A kan gadonsa ya cika, bayan jinyar ciwon hanta, muna zagaye da shi. A lokacin mun sha kuka. Yanzu kuwa idan na tuna sai in ce Allah Ya yi masa gata, domin a Jos ɗinmu ta yau, mutum ya mutu a ɗakinsa, a yi masa sutura, a san inda aka kai shi, ba ƙaramin rabo ba ne.

Malamin kimiyya ne, amma mu a gida mai gadin sama muke ce masa don tsokana. Aikinsa auna wani sashe na sararin samaniya, can sama da inda gajimare da jirage suke kaiwa, inda iska take ɗauke da lantarki. Akwai fili a bayan Kuru da ya kakkafa wa sanduna, ya ja wayoyi a tsakaninsu. Na'urarsa, wadda suke kira rada, takan tura sigina sama ta saurari abin da zai dawo. Ya ce wurin ba ya zama lafiya, yakan yamutse kamar ruwan tukunya idan ya fara tafasa, musamman da tsakar rana da bayan faɗuwarta, shi ya sa muryar rediyon gajeren zango take tafiya tana dawowa. Iyakar abin da na gane ke nan, shi ma sai da bakinsa ya gaji.

Filin yana tsakanin burtali da gonaki. Maimakon ya yi shinge, sai Yaya ya ɗaga wayoyin har suka fi ƙahon babban bijimi tsawo. Abokan aikinsa suka yi ta mita wai ya ɓata musu lissafi, ya ce gyara lissafi ya fi kora shanu sauƙi. Kafin ya kunna na'ura kowace shekara, sai ya je ruga ya gai da Arɗo, ya biya ta ƙauye ya gai da Baba Pam, dattijon da iyalansa ke noma wurin. Da rani shanu su yi kiwo a ƙarƙashin wayoyin, da damina a shuka acca a kan takin da suka bari.

Yanzu Baba Pam ya rasu, Arɗo ya tashi da rugarsa. Waɗanda suka taso ba su san Yaya ba, sanduna kawai suke gani. Mutanen ƙauye na cewa da su makiyaya ke kiran 'yan'uwansu idan za a kawo hari. Makiyayan da suka rage na cewa da su ake sauraren maganarsu a kai wa hukuma. Ko ɓarayin ƙarfe, da ba sa barin murfin kwata, ba su taɓa wayoyin ba, saboda kowa na tsoron a gan shi a wurin.

Cikin wannan hali 'yarsa Hafsatu, wadda ta tashi a hannuna, ta gama karatun fannin ubanta, ta ce za ta tayar da radar. Ranar da na raka ta Bukuru sayen wayar da za ta ja a sandunan, Oga Emeka, mai shagon da Yaya ke ciniki a wurinsa, ya ja ni gefe, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Hajiya, ka hana yarinyan nan. Ubansa kowa ya san shi. Shi wa ya san shi a wancan daji?"

Da muka dawo gida na faɗa mata. Ta ce, "Gwaggo, da gaisuwa zan fara, yadda Baba yake yi." Na ce to wa za ta gaisar, tunda masu amsawar sun ƙare. Ta ce duk wanda ta tarar.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Ina so in yarda zai kama hannunta ya ce ta zauna. Amma na san shi, na san taurin kansa, kuma ina tsoron goro zai saya mata ya nuna mata hanyar ruga. Littattafansa suna nan a kwali, sandunan sun yi tsatsa, tsawonsu bai ragu ba. Abin da ya bari da rai dai Hafsatu ce, ita ma kullum ina raka ta Tina Junction ta hau mota ta nufi inda nake tsoro.

Yau ma ta tafi. La'asar ta wuce, na kira ta har yatsana ya gaji, wayar ba ta shiga. Ina ta ce wa zuciyata sama ce ta yamutse, aikin ubanta ne. Sai dai shi da bakinsa ya koya mini cewa wayar hannu ba ta bi ta can, da eriyar kamfanin waya ta kan dutse take magana. Da ma bai koya mini wannan ba.