Neman Jaki daga Matankari zuwa Tibiri

Mun bar ƙauyen Gwaggo Hassu bayan sallar asuba, ni da ita a kan babur ɗin kabu-kabu ɗaya. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura sittin, kuma tana zaune ita kaɗai a kan tudun gabas da Matankari, inda rijiya ke da zurfin da sai dabba ke jan guga. An sace jakinta bayan kaka. Tun daga nan take jan igiya da hannu, har tafukanta suka tsattsage. Dangi suka yanke cewa idan ba a sami wani jakin ba kafin bazara, za ta sayar da awakinta ta dawo gidana a Dogon Dutsi. Ita kuwa ta ce gawarta ce kawai za ta bar gidan mijinta. Ta sayar da bunsuru biyu da buhun wake, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, muka fita.

Matankari

Rana ta ɗan ɗago muka isa kasuwar dabbobi. Wurin da na sani cike da jakuna tun ina yaro, yanzu turaku ne tsirara. 'Yan kaɗan da aka kawo, an riga an yi cinikinsu. Na tsaya na kalli yadda masu sayen ke yi. Ba sa buɗe bakin jaki su duba haƙora, ba sa ɗaga kofato, ba sa cewa a ja shi ya taka. Tsayinsa da faɗin bayansa kawai suke dubawa, su biya.

Wani dillali ya yi mana bayani. Fata ake nema. Ana ƙetara iyaka da jakunan ta hanyoyin daji, a yanka, a busar da fatun, a loda su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin, inda ake dafa su a yi wani magani mai tsada. Gwamnati ta hana fitar da su, amma iyakar tana da tsawo.

Gwaggo ta ce, "To su can ba su da jakkai ne?"

Ya ce, "Sun cinye nasu, Inna. Yanzu namu suka biyo."

Da ya ji abin da ke ƙulle a zanenta, sai ya ba mu shawarar mu gwada kudu.

Dogon Dutsi

Motar kasuwa ta sauke mu da azahar. Matata ta yi tuwon hatsi da miyar kuka, ta kuma share ɗakin da aka tanadar wa Gwaggo, har da sabuwar katifa. Gwaggo ta leƙa daga bakin ƙofa, ta yaba, sannan ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da aka nuna mata famfo, ta murɗa, ta kalli ruwan, ta rufe.

Tibiri

Washegari muka kama hanyar kudu. A shingen jandarma aka duba katinmu, aka ɗaga mana igiya. Direba ya nuna mini wata ƙaramar hanya da ta ratsa gonaki ta yi gabas, ya ce idan na duba ƙasa zan ga sawun kofato duk sun fuskanci gefe ɗaya.

A Tibiri akwai jakuna, amma farashin bai bambanta ba. Mun zaga har Gwaggo ta fara jan ƙafa. A ƙarshen layi muka tarar da wani tsoho riƙe da jaka mace, fara-fara, mai tabon kaya a gadon baya. Wani matashi mai waya biyu a hannu ya taya ta da daraja, tsohon ya girgiza kai. Na ja matashin da hira. Ba mugu ba ne. Ya ce da can wake yake kaiwa ƙetare, rufe iyaka ya karya shi, yanzu wannan ce sana'ar da ke ciyar da 'ya'yansa.

Gwaggo ba ta saurare mu ba. Ta kama leɓen jakar ta buɗe.

"Wagga ai ta girme ni," in ji ta. "Ina haƙoran? Ka bar su gida?"

Ta ɗaga ƙafar baya, ta yi tsaki. Ta danna tabon, ta ce ko kare ba a yi wa haka. Ta sa aka ja ta, ta ce tafiyar kamar ta mai ciwon ƙugu.

Na zaci tsohon zai yi fushi. Sai na ga yana murmushi.

"Baiwar Allah, ci gaba," ya ce. "Tun safe ba wanda ya zage ta. Kowa ya zo sai ya ce ta yi. Wanda bai ga aibinta ba, ai ba aiki zai sa ta ba."

"Mi ya sa za ka sai da ta?"

Ya ce rumbunsa ya ƙare, kuma akwai jikoki. Ita ta yi masa dakon taki da ruwa shekara da shekaru, ba ya son ta ƙare a shanye kan igiya.

Gwaggo ta kwance bakin zane ta nuna masa. Ya duba. Kuɗin bai kai tayin matashin ba, kuma hatsin da zai saya ba ya sanin tausayi. Na sa hannu a aljihu, ta harare ni, na fitar da shi.

Ta sake zagaya jakar, wannan karon ta dafa cikinta ta daɗe.

"Malam, ka san tana da ciki?"

"Na sani."

"To karɓi wanga. In ta haihu, ɗan fari naka ne. Ni zan yaye shi, ɗan nan ya kawo maka har gida."

Ɗan nan ni ne, mai furfura a gemu. Tsohon ya kira dillali da wani limamin ƙauyensu suka shaida. Ya miƙa mata igiyar, ya juya da sauri ya shiga layin masu hatsi.

Komowa

Mun sami wata motar kaya da ta sauke albasa za ta koma arewa, aka tura jakar ciki da ƙyar. A shingen jandarma, jami'in ya leƙa baya, ya sake leƙawa.

"Ina za ku da ita?"

"Matankari."

Ya ce ya daɗe a wurin, bai taɓa ganin jaki ya nufi arewa ba. Ya ɗaga igiya.

Daga Matankari muka taka da ƙafa, domin Gwaggo ta hana a hau ta. Mun isa da la'asar, muka zarce rijiya kafin gida. Aka ɗaura igiya, jakar ta ja, guga ya fito cike. Matan da ke wurin suka fara jera tulunansu a bayan na Gwaggo.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa direban albasa da tsohon Tibiri, wanda nake riƙe da alkawarinsa. Da zan tafi, na tambayi Gwaggo abin da zan gaya wa matata game da ɗakin.

Tana kafa turke a ƙofar ɗakin kwananta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ku zuba wake a ciki."