Kujerar Suruka a Shagon Malam Kailani

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji na baya sun ce ta zo mu ji ta. To ku matso, amma ku sani ta yau ba tatsuniya ba ce, don mai labarin yana nan da ransa, jiya ma na gan shi yana tayin lemo a bakin titi.

Duk wanda ya zauna Tudun Wada ya san shagon Malam Kailani, ɗan ƙaramin nan da ke manne da na Uche mai kayan wuta. Lokacin da yake aiki, hantsi na fitowa za ka gan shi ya buɗe ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya share. Kafin ya taɓa kwamfuta, kafin ma ya sha kokonsa, sai ya ɗauki tsumma ya goge wata kujerar katako da ke gefen teburinsa. Ba mai zama a kanta. Baƙo in ya nufe ta, sai Malam ya ce, "A'a, ga benci, wannan da mai ita." Sannan ya sa tabarau, ya yi bismillah, ya kama aiki.

Aikin kuwa tace fim ne. Mu nan gidajen malamai sun yi yawa, kuma ɗan Adam ko malami ne yana son labari. Sai dai fina-finan da ake kawowa daga waje, kana cikin kallo lafiya lau da 'ya'yanka, sai a ɓaro maka abin da za ka rasa inda za ka sa idonka. Malam Kailani shi ke zama ya kalli fim daga farko har ƙarshe, ya cire abin cirewa, ya ɗinke sauran, ya ba ka abin da za ka kunna a tsakar gida ka tafi alwala hankali kwance.

Yadda aka yi ya faɗa sana'ar, a gabana aka yi. Yana sabon ango, ya auri Siddiƙa 'yar Inna Zinatu, ya sayo bidiyo irin mai cin kaset ɗin nan. Da yawon Sallah mata muka cika masa ɗaki, muka janyo har surukar tasa. Shi dai ya shigo ne ya kunna mana ya gudu, don kun san suruki ba ya zama inda surukarsa take. Yana bakin ƙofa yana neman takalminsa, sai saurayi da budurwar cikin fim suka fara abin da ba a faɗa. Bawan Allah ya dawo a guje, ya tuɓe babbar rigarsa ta Sallah ya lulluɓe talabijin da ita. To riga ta rufe hoto, amma murya fa? Inna Zinatu ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Siddiƙa, akwatin mijinki sanyi yake ji?"

Mu mun sha dariya, shi kuwa ya daɗe bai iya bi ta layinsu ba. Daga nan ya aro bidiyo na biyu, ya haɗa su da waya, ɗaya na nunawa ɗaya na ɗauka, yatsansa a kan maɓalli. Da ya kama shago, abin da ya fara sawa ciki kujerar nan ce. Ya ce, "Ta Inna ce. Duk abin da ba zan iya kallo ba tana zaune a nan, ba zai fita daga shagon nan ba." Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, yanzu a waya ake turawa, duk tsawon shekarun nan har zuwa bara kujera na nan, mai ita ba ta taɓa leƙowa ba.

Kuma ba yankan ganganci yake yi ba. Inda ya cire abu, sai ya sa muryarsa don kada labari ya tsinke. Za ka ji ya ce, a natse kamar mai jan baƙi, "A nan sun gaisa irin gaisuwar mutanen ƙasarsu. Mu ci gaba." Wannan magana ta zama karin maganarmu. Ko zance ya ɗauko hanyar da bai kamata ba a gidan biki, sai wata ta ce "Mu ci gaba," a fashe da dariya.

Kai ne, Malam, ka mayar wa Alhaji Jumare faifansa ranar da ya ce ka cire inda uwa ta rasu, wai kada yaransa su yi kuka. Ka ce masa, "Alhaji, hawaye ba ya karya alwala. Bari su sani ana mutuwa." Kai ne kuma Uche ya kawo wa fim don matasan cocinsu, ba ka ce ina ruwanka ba. Ka tambaye shi, "Kai wa kake jin kunya?" Ya ce, "Mama Akunna, uwar matata. Ko zagi ba ta so ta ji." Ka ce, "To yau kujerar tata ce." Uche da bakinsa ya gaya mini, har fastonsu ya aiko da gaisuwa.

To bara idonsa ya fara gajiya, likita ya ce ya rage kallon haske, ya yanke shawarar ajiye aiki. Ana haka sai ga Salwa, wata yarinya mai hankali daga Hanwa da ta karanci harkar fim. Ta zo da kyamara za ta yi fim a kan wannan sana'a, irin wanda ba wasa a ciki, mutanen gaske ne ke faɗin aikinsu. Ta ce sunansa dokumentari. Ta zaga masu tace fim har Kwangila da Dutsen Abba, amma duk inda ta je sai a ce mata, "Kin je wurin mai kujera?" Ta ɗauke shi yana aiki, ta ɗauki Uche, ta ɗauki limamai da matan aure kowa yana faɗin alherinsa. Mutanen unguwa suka ce a nuna mana fim ɗin a zauren Islamiyya ranar walimar sallamar Malam, mu gode masa a bainar jama'a sau ɗaya a rayuwa.

Sai dai Salwa ta sa 'yan guntayen abubuwan da ake cirewa, don mai kallo ya gane aikin. Ita da kanta ta ce wannan ba zai shiga Islamiyya ba. Ta kai wa Malam ta ce, "Baba, ga aikinka na ƙarshe. Ka tace mana."

Ya tace. Ana jibi walima ta kunna ta gani, sai ga ta a gidana ido ya yi ja. Ta ce, "Hajiya, Baba ya cire kansa!" Guntayen nan ya cire su tsaf, wannan ba magana. Amma duk inda aka yabe shi ya yanke. Duk inda fuskarsa ta fito ya yanke. Liman zai buɗe baki ya ce "Wannan bawan Allah," sai ka ji muryar Malam: "A nan liman ya yi addu'a. Mu ci gaba." Fim a kan mutum, babu mutumin, sai hannuwa da kujera. Ta ce ta roƙe shi, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce: shi ba zai iya zama ana kuranta shi Inna na kallo ba, kuma abin da ba zai iya kallo a gabanta ba, ba ya fita daga shagon. Yarinya tana da na asalin a wurinta, amma ta ce ba za ta nuna dattijo a gaban jama'a ba da yardarsa ba. Walima kuwa an riga an gayyaci mutane.

Na ce mata, "Ɗiyata, ƙa'idar tana da mai ita." Muka ɗauki Keke sai gidan Inna Zinatu. Ta tsufa tukuf, amma kunne da baki lafiya lau. Ta ji bayani, ta ce a miƙo mata sandarta.

Ku zo ku ga Malam Kailani da surukarsa ta sako ƙafa a shagon! Ya zube ƙasa yana gaisuwa, kai a sunkuye, hula na neman faɗuwa. Inna ta dubi kujera ta ce, "Ita ce wannan?" Ta zauna, ta gyara mayafi. Uche ya leƙo ya ce, "Yau mai kujera ta zo!" Ba ta yi wa surukin magana kai tsaye ba, haka al'ada take. Ta ce, "Salwa, ki kunna mini na asalin, ban da gaisuwar mutanen ƙasarsu." Malam ya sulale waje, ya tsaya a rana kamar wanda ake wa shari'a.

Ta kalla har ƙarshe. Da liman ya gama magana na ga ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ɗaga murya yadda na waje zai ji, ta ce, "Ki gaya wa mai shagon nan na zauna, na gani, ban ga abin kunya ba. Shekara da shekaru yana yanka da sunana, ban taɓa cewa komai ba. Yau na ce a mayar. Kuma ki ce masa, in ya ji nauyi ranar walima, ya zo da babbar riga ya lulluɓe kansa, kada ya lulluɓe mana akwati."

Aka mayar. Ranar walima zaure ya cika har tagogi, Uche da mutanensa a sahun gaba kusa da malamai. Da fuskarsa ta fito a bango, yara suka sa sowa, shi kuwa yana can baya ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Malam Kailani, almakashin Tudun Wada, mun gode. Ka kalli abin da ba ka so don kada mu gani, ka bar mana labari da daɗinsa. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da gidan Aljanna. Wannan yabon kam na rubuta shi inda hannunka ba zai kai ba. Ku kuma masu sana'a, tela ne ko mai gyaran waya, kowa ya samu wanda yake jin kunya ya ajiye masa kujera kusa da aikinsa.

Salwa tana yawo da fim ɗinta gari gari. Shago yana hannun Khalifa, babban ɗan Malam. Uche na nan yana sayar da kayan wutarsa. Malam ya koma kiwon tantabaru, Siddiƙa na faɗan sun ɓata mata tsakar gida. Inna Zinatu kuwa ta sa an kai mata kujerar gida, ta ce tata ce, a kanta take shan hantsi. Khalifa ya sayo sabuwa, don shi ma ya yi aure.