Ƙwaryar da Na Kifar a Tashar Funtua

Shekara hamsin da takwas ke nan bana da muka kai yayata Hansatu makwancinta a Gozaki. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata kabari. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, domin ba ni da bakin magana. Abin da ya kwance mini baki bana wata 'yar robar yogot ce, kuma tun ranar da na riƙe ta raina yake a ɓace.

Jikata Bilki ce ta kawo mini. Ta karanta ilimin abinci a jami'a, saboda haka yanzu a gidana ko tuwo za ka ci sai ka sha lacca. Na kurɓa, na ce mata wannan kauri haka, wace saniya ce ta yi shi? Ta yi dariya, ta juya robar, ta nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu da ko mai sabon ido sai ya ƙanƙance shi. Wai danƙon selulos. Ta ce daga itace ake samo shi, ko daga ɗan gashin nan da ke saura a jikin angurya bayan an gurje auduga. A sarrafa shi ya koma farin gari, a zuba a abinci ya kama jiki. Yana cikin yogot da askirim da lemon kwali da wasu biredin leda, har man goge baki bai tsira ba. Da wuya ka cika kwando a kantin zamani ba ka ɗauko shi ba.

Na ce, "To, guba kuke ba mu ke nan?"

Ta ce, "Haba Alhaji, ba guba ba ne. Ciki ba ya narkar da shi, wucewa yake yi kamar dusa. Masu bincike sun yarda da shi. Sai dai in mutum ya cika sha yana iya jin kumburin ciki."

Ban musa mata ba, kuma ba zan musa ba a nan. Ni ba likita ba ne, na kuma sha robar har ƙasa ban ga abin da ya same ni ba. Wanda ke jiran in ce abin kisa ne ya nemi wani shafin. Fushina daga wani wuri yake.

Yaya Hansatu nono take sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa ta Funtua, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da wannan ƙwaryar aka ciyar da ni har na gama makaranta. Da damina nono ya wadata, ba a yi masa komai. Da rani kuwa shanu sun rame, abin da Fulani ke kawowa bai taka kara ya karya ba. Sai masu nono su jiƙa farin garin 'ya'yan kuka, su tace, su haɗa da nonon da ɗan ruwa, ya yi kauri da ɗan tsami. Kowa ya san da haka, daga leburan gidan gurzar auduga har ma'aikatan jirgi 'yan kudu. Yaya kuwa ƙwarya biyu take ajiyewa, kuma ba ta taɓa tsoma ludayi ba sai ta tambaya, "Na kuka ko na saniya?" Mai ƙarfi ya sha na saniya, lebura ya sha na kuka ya koma aiki da cikinsa a cike.

Sai ga ni na dawo daga kwas, an ba ni aikin duba-gari. Kaki mai guga, hula, da wani ɗan gilashi da ake tsomawa a nono a gane ko an sa ruwa. A littafin da aka koya mana, duk nonon da aka haɗa da wani abu sunansa ha'inci, ba a ce ban da wanda mai saye ya sani ba. Ni kuma na haddace littafin kamar karatun allo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni dai ya shaƙe ni har wuya. Na fara jin ana raɗa a wurin aiki cewa ina kifar da kayan mutane ina tsallake na yayata. Maimakon in buɗe baki in bayyana yadda take sayarwa, sai na zaɓi in wanke kaina da nononta.

Ranar kasuwa ce, jirgi ya tsaya, tasha ta cika maƙil. Na je na tsaya a kanta ko gaisuwa babu. Na tsoma gilashina a ƙwaryar kuka, alhali na san abin da ke ciki tun ban san hannun damana ba. Na ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji, na ce wannan nonon ha'inci ne, na kifar da shi a kwata. Sannan na ɗauki ta biyun, ta saniya zalla, wadda ko gwadawa ban yi ba, ita ma na bi ta da ita. Iya Risi, wata Bayarabiya mai sayar da tangaran a gefenta, ta taso tana tafa hannu tana cewa, "Malam, mu da muke sha mun kawo maka ƙara ne? Wannan ba yayarka ba ce?" Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙorenta ta kife ɗaya a kan ɗaya, ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Malam duba-gari." Daga ranar ba ta ƙara kirana da sunana ba.

Yanzu ku gaya mini, ku masu kamfanonin nan da ke zuba garin itace a madara kuna zana saniya mai ƙiba a jikin roba, me kuke yi wanda ita ba ta yi ba? Ita daga bishiyar bayan gida ta samo nata, wadda kakanninmu suka sha 'ya'yanta suka yi miya da ganyenta. Ita da baki take faɗa, da Hausa, kafin ka miƙa hannu. Ku kun rubuta naku da Turanci, da harafin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, a ƙasar da mafi yawan masu sayen kayanku ba za su juya robar ba. Naku an buga masa lamba an ce ingantacce, ana tallarsa a rediyo. Nata an kira shi ha'inci an zubar a kwata. Ban ce ku daina ba, na ce ku ji kunya ku faɗa da ƙarfi yadda ta faɗa. Da tana raye aka miƙa mata robar nan, na san ba za ta yi dogon zance ba. Za ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta tambayi yaron kanti na mene ne, shi kuwa ba zai sani ba.

Ni ma ban fita ba. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi: ga tsohon duba-gari a kan tabarma yana lashe murfin yogot, bai ko juya robar ba sai da jikarsa ta karanta masa.

Yaya ba ta koma tasha ba. Sunan ya riga ya bi ta, yara suna ganinta suna cewa ga mai nonon ha'inci. Ta tattara ta koma Gozaki, ta shiga cirar auduga a gonakin mutane, mace da ta saba zama a inuwa da ludayinta. Sau ɗaya na je gaishe ta. Ta shimfiɗa mini tabarma kamar baƙo, ta dama mini fura da ruwa zalla, ta ajiye ta ce, "A yi haƙuri, Malam, ba ni da nonon da zai ci jarrabawarka." Na shanye furar nan. Kalmar haƙuri tana bakina, girman kai ya danne ta, na ce sai wani zuwan. Kafin wani zuwan ciwo ya kwantar da ita, kwana kaɗan aka aiko mini in zo jana'iza.

Me ya rage nata? Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ko hoto ba mu da shi. Ta bar 'ya ɗaya, Hajiya Asabe, tana Malumfashi da jikokinta. Asabe na goye a bayanta ranar da na yi abin da na yi, ta kuma girma tana jin sunan da na jawo wa uwarta. Har yau in mun haɗu a biki ko ta'aziyya takan durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta taɓa ce mini Kawu ba, ba ta kuma taɓa shan ruwa a gidana ba. Ban ga laifinta ba.

Na san wannan ihu ne bayan hari. Iya Risi ta rasu, leburan sun rasu, waɗanda na so in burge ma duk sun rasu, ko sunana ba su tafi da shi ba. Amma da bakina na yi shelar a gaban jama'a, dole da bakina in janye ta a gaban jama'a. Ni ne duba-garin da ya gwada nonon Hansatu, ni nake shaida cewa ba ta taɓa ha'intar kowa ba, kuma na san haka tun kafin in tsoma gilashin. Wanda duk ya san Hajiya Asabe a Malumfashi, don Allah ya kai mata jaridar nan ya karanta mata a gaban 'ya'yanta, da ƙarfi, yadda na bayan layi zai ji.