Bahon da Malam Ya Huda

Ku matso kusa, jama'a, yau ƙorafi ne da ni, kuma wanda nake ƙorafi a kansa ba ya nan. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, amma har yau idan na ga bahona mai huji sai na ji kamar in kira shi mu ƙarasa maganar.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare nan Haɗeja. Bayan la'asar yakan tara yaran unguwa a tsakar gida, yana ba su labarin wani jarumi da ya ƙirƙiro, wai shi Ɗan Guguwa. Idan jarumin nan ya juya hannu, sai iska ta murɗe, tsakiyarta ta buɗe ƙofa zuwa wata duniyar. Ni ina bakin murhu, kunnena yana wajensu.

Da wani ne mai labarin, sai a buɗe ƙofa, a yi tafi, a watse. Malam kuwa sai ya tsaya bincike. Wai idan babu iska a can, ta nan za ta ruga ciki ta kwashe huluna da kaji da shanyar mutane, saboda haka dole jarumi ya ɗaure kansa a jikin bishiya tukuna. Ƙarfin juyin kuma ba daga sama yake faɗowa ba, daga jikinsa yake fita, don haka duk ƙofar da ya buɗe sai ya rame, sai ya cinye tuwon unguwa guda kafin ya miƙe. Wane irin jarumi ne wannan, fisabilillahi?

Wata rana wani yaro ya tambaya me ya sa tsakiyar guguwa ta fi sauri. Malam ya ɗauko ƙusa ya huda bahon aurena, ya cika shi da ruwa, ya juya da hannu, ya watsa ƙaiƙayin shinkafa. Na gefe yana tafiya a hankali, na kusa da hujin kamar an koro shi.

Na ce, "Malam, bahona ne fa."

Ya ce, "Dubi, Hajara, dubi yadda yake ƙara gudu."

Na ce, "Ina dubawa. Huji nake gani."

A daminar da kogi ya cinye gonakin Auyo, yaran suka roƙe shi ya sa Ɗan Guguwa ya shanye ambaliyar. Ya ƙi. Ya ce ruwa ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa, sai an gaya masa wa ke zaune a ɗaya gefen ƙofar. Na leƙo na ce, "Labari ne fa, ka ce babu kowa." Ya dube ni ya ce, "Haka mutanen da ke sama da mu a kogin nan suke faɗa duk shekara." Har ya koma ga Allah jarumin nan yana tsaye a bakin kogi, ɗaure a bishiya, hannu a sama. Na daɗe ina jin haushin hakan. Mutum ya ƙirƙiro ƙarya da bakinsa, sannan ya kasa yi wa yara ƙaryar da za ta faranta musu rai.

Yanzu ɗanmu Nasiru ya ƙarasa labarin a wayarsa, da hotuna masu motsi. Jarumi ya juya hannu, kogi ya shige, ko hularsa ba ta goce ba. Da Malam ya gani, na san sai ya nemi sanin inda kifin ya sauka.

Da a waya abin ya tsaya, da ban kawo muku ƙorafi ba. Daminar bana Nasiru ya ɗaga jinga a gonarmu ta shinkafa, ya jera buhunan yashi. Tamu ta tsira. Ruwan ya juya ya kwanta a gonar Malam Ado, mijin Tabawa, ƙawata tun muna amare. Ta zo gidan nan bayan girbi, muka gaisa, amma ko taɓa kunun da na ba ta ba ta yi ba.

Nasiru ya ce, "Inna, ni gonarmu na kare. Ban tura wa kowa ruwa ba."

Ban iya lissafin ubansa ba. Na ɗauko bahon, na toshe hujin da yatsa, na cika shi, na riƙe a kan takalmansa sababbi, na cire yatsa. Ya yi tsalle gefe. Na ce, "Ni ma bahona na kare."

Buhunan shinkafar suna nan jingine a zaure. Na ce a raba da gidan Tabawa, shi ya ce zai yi tunani, ni kuma na ce ba ta shiga tukunyata sai ya gama tunanin. Abin da Malam ya bar mini ke nan: baho mai yoyo, da tambayar da ke hana mutum cin abincinsa cikin kwanciyar hankali. Ban gode masa ba tukuna.

Ku fa, ruwan da kuka kora daga gonarku bana, kun je kun ga a ta wa ya kwanta?