Jar Wutar da Ta Rikita Usta Shahata

Usta Shahata bakaniken manyan motocin haƙa ne a wani ƙauye da ke bayan Kafr Sheikh, kuma shekara talatin da huɗu yana wannan aiki bai taɓa kashe inji ba. Shi ke faɗin haka da bakinsa, a shagon shayi, a gidan biki, har a zaman makoki idan hira ta mutu. Babur dai ya kashe biyu, ya kashe rediyon surukarsa, amma inji ko ɗaya.

Ya koyi aikin ne lokacin da inji ke faɗin ciwonsa da kansa. Ka kafa sukundireba a jikin ƙarfe, ka manna kunne a ƙotar, ka ji komai. Yanzu kuwa an yi wa kowane inji ɗan rahoto, wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa da ake kira sensa. Aikinsa ya auna ƙarfin da baƙin mai ke zagayawa da shi, idan ya yi ƙasa ya kunna jar wuta a gaban direba. Shahata bai taɓa yarda da shi ba, sai dai bai kai ga ƙaryata shi ba.

Ran wata Laraba aka kira shi bakin magudanar ruwa. Gobe da safe za a sako ruwa na kwana huɗu, a sake rufewa kwana goma, ga kainuwa da laka sun toshe ƙarshen magudanar. Shinkafar mutanen can ƙasa ta riga ta rasa zagaye ɗaya, ba za ta jure na biyu ba. Motar haƙa ɗaya ce ke yasar wurin, ita kuma ta kunna jar wuta tun hantsi. Mai motar ya yi rantsuwa ta waya cewa ba mai taɓa ta sai Shahata ya ce a taɓa.

Ya tarar da direban, Atiya, a inuwar motar yana cin gurasa da cuku. Alhaji Mitwalli, dattijon manoman ƙasa, yana tsaye a kansa da sanda.

"Usta, sai yanzu? Ko da jaki ka zo?"

"Da jaki na zo ai da na riga kaina isowa, Alhaji. Atiya, me ka yi mata?"

"Ni? Wallahi ko tsawa ban yi mata ba."

Shahata ya zaro tsinken duba mai. Mai cike, mai kyau, har yana ƙyalli. Ya kwance sensan ya ɗaura sabo daga jakarsa. Atiya ya tayar, wuta ta mutu. Alhaji ya fara hamdala, bai kai ƙarshe ba ta dawo, ja wur.

To, shaidu biyu ke nan sun ce inji na mutuwa. Shahata ya ɗauko tsohon gejinsa mai allura na auna ƙarfin mai, wanda ya girmi auren Atiya, ya ɗaura kusa da sensan. Allura ta hau ta tsaya daidai inda ya kamata.

"Lafiya lau yake," in ji shi. Sai kuma ya tuna gejin ya taɓa faɗowa daga kan babur bara. Ko bana ce? Ya sa aka kawo taraktar Alhaji don ya gwada shi a kan injin da kowa ya san lafiyarsa. Allura ta ƙi motsi. Ya buga gilashin da yatsa, ta zabura ta hau.

"Kun gani? Sai an mare shi yake faɗin gaskiya."

Atiya ya ce, "Ko kuwa sai an mare shi yake faɗin abin da kake so ka ji."

Shahata ya harare shi, amma maganar ta shige shi. Ya koma ga abin da ya gada, ya kafa sukundireba ya manna kunne. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, irin bugun da inji ke yi in ya fara cin kansa. Ya ɗaga hannu Atiya ya kashe. Bugun bai tsaya ba. Ya leƙa ƙasa, ashe Alhaji ne ke dukan sarƙar motar da sandarsa don haushi.

"Alhaji, don girman Allah koma can ka doki ƙasa!"

Ya bi wayar sensan taƙi-taƙi, ko ta goge tana taɓa ƙarfe. Ya samu wuri uku da aka naɗe da salatif, aikin bakanike uku daban-daban, ɗaya daga ciki kuma ɗaurinsa ne, bai ma tuna yaushe ba. Ya warware duka ya sake naɗewa. Wuta ta mutu, ta kama, ta yi ƙifta-ƙifta kamar mai yi masa gwalo, ta zauna daram.

Azahar ta wuce. Shahata ya yi sallah, shi kansa bai tabbata raka'a huɗu ya yi ko biyar ba. Idan sensa ne mai gaskiya, rabin awa ya isa inji ya ƙone. Idan geji ne, to an zaunar da mota lafiyayya shinkafar gida arba'in na mutuwa. Ya dubi gonakin can ƙasa. Ganye ya naɗe, ƙasa ta tsage har ƙafar mutum na iya shiga. Alhaji ya daina faɗa, ya tsuguna yana murza ɓurɓushin ƙasa a tafinsa, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo.

"Atiya, hau."

"Da jar wutar?"

"Rufe ta da hularka. Ni za ka kalla. Muddin hannuna na sama, yi ta haƙa. Na sauke, kashe."

Haka ya ɗare bayan motar kusa da inji, geji a cinya, hannu ɗaya a sama kamar mai rantsuwa a kotu, ɗayan yana marin gilashi. Zafin ƙarfe na gasa shi ta ƙasa, rana ta sama. Sau ɗaya ƙuda ya sauka a hancinsa ya sauko da hannun da ke sama ya kai masa duka, Atiya ya kashe mota nan take, aka yi ta zage-zage kafin a ci gaba. Duk lokacin da allura ta girgiza, sai Shahata ya ƙara wa gilashin mari. Ana kiran magariba cokalin motar ya kwashe toshiyar ƙarshe. Inji na ta gurnaninsa, wuta na nan ja a ƙarƙashin hula.

Washegari da hantsi ruwa ya iso gonakin ƙasa, ja-ja da laka, yana shiga tsagogi yana kumfa. Alhaji Mitwalli ya zo da shayi da kansa ya samu Shahata a ƙarƙashin motar, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, yana lalubar waya da hagu.

"Usta, ashe dai ka san abin da kake yi. To wai me ya same ta?"

Shahata ya fito ya karɓi shayin ya kurɓa.

"Alhaji, in ka ji labari a gari, don Allah ka gaya min."